Shiga: Jihar da jirgi ke wucewa a guje, alhali nan ne aka yi kokawar mulkin Japan

Jama'a assalamu alaikum. Yau dai maganar wani yanki na Japan zan yi wanda kusan duk baƙon da ya je ƙasar sai ya ratsa ta cikinsa amma ba kowa ke sauka ba, sunansa Shiga. Idan ka hau jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya, Shinkansen, daga Tokiyo zuwa Kiyoto, bayan ka wuce Nagoya zaka ga wani dogon dutse ta hannun dama, Ibuki kenan, tsayinsa mita 1,377, daga nan kuma sai gonakin shinkafa shimfiɗe, kafin ka gama shan shayinka ka shiga Kiyoto. To wannan filin da ka wuce cikin 'yan mintuna shi ne Shiga, a da ana ce masa Omi, kuma ni a ganina duk mai son ya fahimci yadda aka haɗa kan Japan ta zama ƙasa ɗaya a ƙarni na 16, nan ya kamata ya fara tsayawa tun kafin Kiyoton.

Sirrin wurin ruwa ne. A tsakiyar jihar akwai tafkin Biwa, babu tafkin da ya kai shi girma a duk Japan, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 670, wato kashi ɗaya cikin shida na jihar gaba ɗaya ruwa ne, kuma tsohon tafki ne sosai, masana na cewa ya kai shekara miliyan 4. In ka tsaya a gabarsa ta arewa wallahi zaka rantse teku ne don wani lokacin ba ka hango ɗaya gaɓar. Koguna da yawa suna zuba a cikinsa amma kogi ɗaya tak ke fita, kogin Seta, shi ne yake gangarawa ya canza suna ya koma Uji sannan Yodo har ya faɗa teku a Osaka.

Yanzu ka duba yadda abin yake a zamanin da babu mota babu jirgin ƙasa. Sarki yana Kiyoto, manyan masu kuɗi suna Kiyoto, kuma Kiyoto tana bayan duwatsu ne daf da wutsiyar tafkin ta kudu. Shinkafa da kifi da gishirin da ake kawowa daga gaɓar tekun arewa, irin su Tsuruga da Obama (eh, akwai gari mai wannan sunan tun fil azal), sai a ɗora wa dawakai su tsallaka tudu, a zuba a jiragen ruwa a arewacin tafkin, iska ta kawo su Otsu, daga Otsu kuma taku kaɗan ne a shiga birnin sarki. Manyan hanyoyi biyu da suka taho daga gabas, Tokaido da Nakasendo, su ma a garin Kusatsu na Shiga suke haɗuwa. Kaga kenan duk wanda ya riƙe tafkin nan ya riƙe maƙogwaron Kiyoto. Shi yasa ake lissafin cewa akwai kufan fadodin yaƙi da tungaye sama da 1,300 a jihar, ƙanana da manya, wani tudun in ka hau sai ka tarar da ragowar gwalalo a cikin daji ba tare da ko allo an kafa ba.

Mutumin da ya fi kowa gane wannan lissafin shi ne Oda Nobunaga, wani babban sarkin yaƙi na ƙarni na 16. Gidansa na Gifu ne ta gabas, burinsa Kiyoto, Omi kuma tana tsakani. Da farko da aure ya nemi hanya, ya aurar da ƙanwarsa Oichi ga Azai Nagamasa mai mulkin arewacin Omi daga fadarsa ta kan dutsen Odani. Amma a 1570 da Nobunaga ya kai wa gidan Asakura yaƙi, waɗanda tsofaffin aminan gidan Azai ne, sai surukin ya juya masa baya ya nemi ya datse shi ta baya, da kyar Nobunaga ya sha. A shekarar aka gwabza a kogin Anegawa, a 1573 kuma Odani ta faɗi, Nagamasa ya kashe kansa bayan ya fitar da matarsa da 'ya'yansa mata uku. Labarin yaran nan uku kullum yana tsaya min a rai. Babbar, Chacha, ita ce ta haifa wa Toyotomi Hideyoshi, barden Nobunaga da ya karɓi iko bayansa, magajinsa. Autar, Go, ta auri ɗan Tokugawa Ieyasu, wanda ya karɓi iko bayan Hideyoshi, ta haifi shogun na uku na gidan Tokugawa (shogun shi ne shugaban mulkin soja da ke tafiyar da ƙasa da sunan Sarki). Ta tsakiyar, Hatsu, ita ce ta riƙa kai-komo tana neman sulhu lokacin da gidajen yayarta da ƙanwarta suka ja daga a Osaka, sulhun bai ɗore ba, Chacha ta mutu tare da ɗanta a 1615. Marayu uku daga wani tudu a Shiga, ka ji inda jininsu ya kai.

Ba zan ɓoye ba, Nobunaga ba mutumin kirki bane ta fuskar tausayi. A 1571 ya hau dutsen Hiei da ke yammacin tafkin ya ƙone Enryakuji, babban wurin ibadar mabiya Buddha da aka kafa tun 788, saboda limaman wurin suna da mayaƙansu kuma sun goyi bayan abokan gabarsa, an kashe jama'a masu yawa har da mata da yara. Wannan ta'asa ce ko ta wane gefe ka kalle ta, kuma ina ganin bai dace a riƙa yabon basirarsa ana tsallake wannan ba.

Bayan ya share fili sai ya zagaye tafkin da fadodi huɗu. Ya ba bardensa Akechi Mitsuhide Sakamoto a gindin Hiei, Hideyoshi ya gina Nagahama a arewa maso gabas, ɗan ɗan'uwansa ya zauna a Omizo ta yamma, shi kuma ya ɗauki Azuchi. Dukkansu a bakin ruwa suke ta yadda saƙo ko dakaru za su tsallaka a jirgi ba sai an zagaya ba, har wani ƙaton jirgi ya sa aka sassaƙa masa a 1573 mai filafilai 100 don ya riƙa kwasar mayaƙa zuwa Kiyoto cikin gaggawa.

Azuchin nan fa ita ce ta fi taɓa ni duk da cewa kusan babu komai a wurin yanzu. An fara gininta a 1576, aka gama hasumiyar a 1579. Kafin ita, fadar yaƙi a Japan yawanci tunga ce ta ƙasa da itace a ƙolin dutse, wurin fakewa kawai in an kawo hari. Nobunaga ya zo da sabon salo, katangun dutse masu tsayi, hasumiya mai hawa bakwai da yake kwana a cikinta, hawa na kusa da ƙarshe mai kusurwa takwas an shafe shi da ja, na can sama kuma zinare ciki da waje, bangon ɗakunan Kano Eitoku ne ya yi musu zane (Kano ɗin sunan zuriyar masu zane ne a can). Duk fadodin Japan da kake gani a hoto yau masu farar hasumiya a kan tulin duwatsu, daga nan aka ɗauki samfurin. Masu wa'azin Kirista 'yan Fotugal da Italiya da suka gan ta sun rubuta wa mutanensu cewa ta kai a gwada ta da manyan gine-ginen Turai.

In ka je yau, daga tashar Azuchi zaka bi ta cikin gonakin shinkafa har gindin tudun. Gonakin nan da ruwa ne, ƙananan tafkuna ne da suka kewaye tudun ta gefe uku, sai a ƙarni na 20 aka janye ruwan aka mai da su gona, saboda haka sai ka riƙa ƙiyasta ruwa a inda kake ganin shinkafa kafin ka gane dalilin zaɓen wurin. Daga gindin sai matattakalar dutse miƙe sambal mai faɗin kusan mita 6 ta nufi sama, abin mamaki kenan, don fadar yaƙi hanyarta a karkace ake yi saboda a wahalar da abokin gaba, shi kuwa ya shimfiɗa ta a miƙe kamar mai cewa duk wanda ya isa ya zo. Matakalan ba su daidaita ba, wani gajere wani sai ka ɗaga gwiwa sosai, a ƙofar shiga ma akwai sanduna da ake ara wa mutane, kuma ka karɓa don zaka buƙata. In ka riƙa kallon ƙasa zaka ga wasu duwatsun matakalar da siffar mutum a zaune an sassaƙa a jiki, gumakan Buddha ne da magina suka kwaso suka jera a matsayin dutsen gini saboda gaggawa, yanzu an sa musu 'yar alama a gefe, mutane suna ajiye tsabar kuɗi suna kauce musu kar su taka. A can ƙoli kuma sai fili kewaye da katanga, duwatsun da ginshiƙan hasumiyar suka zauna a kai suna nan jere sahu-sahu a cikin ƙasa, bishiyoyi sun rufe sama. Daga gefen katangar kana hango tafkin can nesa.

Shekara uku kacal hasumiyar ta yi a tsaye. A sabuwar shekarar 1582 Nobunaga ya buɗe wa jama'a ƙofa su shigo kallo, shi da kansa ya tsaya yana karɓar kuɗin shiga. A watan Yuni na shekarar Mitsuhide, wancan da ya ba Sakamoto, ya kewaye shi a Honnoji, wani wurin ibadar Buddha cikin Kiyoto, Nobunaga ya mutu a cikin wuta, bayan 'yan kwanaki Azuchi ma ta kama da wuta, wasu marubutan zamanin sun ɗora laifin a kan ɗansa Nobukatsu. Wanda ke son ganin kamannin saman hasumiyar, akwai gidan tarihi kusa da wurin da aka ajiye kwaikwayon hawa biyun ƙarshe a cikakken girmansu, an yi shi ne don baje kolin duniya na Sebiya a Sifaniya a 1992.

Akwai wani ɗan Afirka a cikin labarin nan da bai kamata in wuce shi ba. A 1581 wani babban fada ɗan Italiya, Valignano, ya zo gaida Nobunaga tare da wani baƙin mutum da ake kyautata zaton daga yankin Mozambik yake. Nobunaga bai taɓa ganin baƙar fata ba, ya zaci tawada ce har ya sa aka wanke shi, da ya tabbatar haka Allah ya halicce shi sai ya riƙe shi a cikin mutanensa, ana kiransa Yasuke, ya ba shi gida da albashi, kuma yana tare da shi ranar Honnoji. Mitsuhide bai kashe shi ba, ya mayar da shi wurin 'yan mishan. Ina hawan matakalar nan ina tunanin cewa wani ɗan nahiyarmu ya taka waɗannan duwatsun fiye da shekara 400 da suka wuce, shi kaɗai, ba mai jin yarensa.

Da Azuchi ta mutu mutanen garin ba su watse ba, a 1585 Toyotomi Hidetsugu, ɗan 'yar'uwar Hideyoshi, ya kwashe su zuwa sabon garinsa na Hachiman kusa da nan, wanda yau ake ce wa Omihachiman, ya haƙa magudanar ruwa ta haɗe da tafkin ya ce jiragen da ke wucewa su riƙa biyowa ta nan. Shekara 10 bayan haka kawun nasa ya tilasta masa kashe kansa aka rushe fadar, garin ya zama ba ubangida. To a nan ne 'yan kasuwar Omi suka fito da ƙarfinsu. Mutum zai rataya kaya a sanda ya saɓa a kafaɗa, gidan sauro da tabarmin tatami da yadin lilin da magunguna, ya taka har gabas ko arewa mai nisa, ya sayar, ya sayo kayan can ya dawo da su, in ya ga gari ya karɓe shi sai ya buɗe shago ya ajiye yaro, amma iyali da asalin gida suna Omi. Duk wanda ya san tarihin fatakenmu masu zuwa Gwanja sayen goro suna kafa zango a hanya ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ƙa'idar da ake danganta musu ita ce ciniki ya amfani mai sayarwa, ya amfani mai saye, ya kuma amfani jama'ar garin da aka yi shi, kuma ba tatsuniya bace don manyan kamfanonin Itochu da Marubeni asalinsu wani yaro ne ɗan Toyosato a Shiga, Ito Chubei, da ya fara tallan lilin a ƙafa a 1858. Magudanar ruwan tana nan, rumbunan ajiya masu farin bango a gefe da gefe, an taɓa shirin cike ta a shekarun 1970 saboda ta ƙazance amma mutanen garin suka ƙi suka shiga yashe ta da hannunsu.

Sai Hikone, ita ce wadda ke tsaye da ƙafafunta. A duk Japan hasumiyoyi 12 ne kawai suka rage na asali, sauran ko dai an rushe su ko wuta ko bama-baman yaƙin duniya na biyu sun cinye su an sake gina wasu da siminti, irin ta Nagahama da aka yi a 1983 wadda in ka shiga gidan tarihi ne kawai. A cikin 12 ɗin guda 5 ne aka ba matsayin dukiyar ƙasa, Himeji, Matsumoto, Inuyama, Matsue da Hikone. Bayan yaƙin Sekigahara na 1600, wanda aka yi a ƙetaren iyakar Shiga kaɗan, Ieyasu da ya ci yaƙin ya ba bardensa Ii Naomasa ƙasar Ishida Mitsunari da ya sha kaye. Mayaƙan gidan Ii jajayen sulke da kwalkwali suke sawa gaba ɗayansu, daga nesa ake gane su. Naomasa ya rasu a 1602, ana danganta mutuwar da harbin da ya samu a yaƙin, 'ya'yansa suka yi ginin, aka ɗauki wajen shekara 20 sai 1622 aka kammala. Kuma da kayan kwance aka yi ta, an ce hasumiyar daga fadar Otsu aka ciro ta, wani ɓangaren daga Nagahama, duwatsu daga Sawayama, saboda Ieyasu na sauri ya toshe hanyar kafin magoya bayan Toyotomi na Osaka su motsa.

Ita Hikone ba ta da girma, hawa uku ce, amma ta fi min Himeji daɗin zagayawa don babu cunkoso kuma kana ganin dabarar yaƙin a fili. Hanyar hawa an yi matakalanta da gangan ba daidai ba don su karya wa mai gudu lissafin taku. Sai ka iso cikin wani rami mai zurfi tsakanin katangu biyu, gada na bisa kanka, dole ka zagaya ka hau ka bi ta kan gadar kafin ka shiga ƙofa, gadar kuma ta katako ce da za a iya karyawa in abokan gaba sun matso. A ƙofar hasumiya zaka cire takalmi a ba ka leda ka riƙe, katakon ƙasan ya yi santsi saboda ƙafafun mutane, in lokacin sanyi ne ka sa safa mai kauri don sanyin har ƙashi. Tsanin ciki kuwa kusan a tsaye yake, da hannu da ƙafa ake hawa, tsofaffin Japanawa zaka ga suna hawa a hankali ba mai tura wani. A bango akwai ƙananan kafofi na harbi masu kusurwa uku da huɗu, an shafe su da farar ƙasa ta waje yadda ba a ganinsu sai ranar buƙata a fasa. In ka ɗaga kai ka ga azarar rufin, itatuwa ne a karkace yadda suka tsiro, kafintocin suka sarƙa su a haka. Daga sama tafkin ne shimfiɗe ta yamma, Ibuki ta arewa maso gabas, a ƙasa kuma lambun Genkyuen da aka fara a 1677. Ba a taɓa yaƙi a fadar nan ba ko sau ɗaya.

Ɗan gidan da ya fi shahara shi ne Ii Naosuke. Ɗa na 14 ne, babu wanda ya zaci zai gaji sarauta, ya yi shekara 15 a wani ƙaramin gida a bakin gwalalo yana karatu da koyon ladubban shayi, sai mutuwa ta yi ta ɗauke na gabansa har sarauta ta faɗo masa a 1850. A 1858 ya zama babban wazirin shogun, a shekarar ya sa aka sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci da Amurka ba tare da amincewar Sarki ba, sannan ya bi masu adawa da kamu da kisa. A watan Maris na 1860 wasu mayaƙan samurai, galibinsu 'yan yankin Mito, suka tare shi cikin dusar ƙanƙara a ƙofar Sakurada ta birnin Edo (Tokiyo ta yau) suka sare shi. Ni dai ina ganin a batun yarjejeniyar yana da hujja, ya ga abin da Ingila ta yi wa Sin kuma ya san Japan ba ta da jiragen da za ta tari na Amurka, amma kashe-kashen da ya biyo baya su suka ɓata shi, su suka kuma gaggauta faɗuwar gwamnatin da yake son karewa. Bayan an kawar da mulkin shogun an shiga rushe fadodi ana sayar da katakonsu, Hikone ma saura kaɗan, sai Sarki Meiji ya biyo ta yankin a rangadin 1878 aka roƙe shi ya ba da umarni a bar ta.

Kar ka tsaya a gabas kawai, ka hau layin Kosei ka bi gaɓar yamma inda duwatsu ke gangarowa har bakin ruwa. A nan zaka ga jar ƙofar wurin bautar Shirahige tsaye a cikin tafkin, da shingayen kamun kifi na gargajiya da ake kafawa da sanduna cikin ruwa a siffar kibiya, kifi ya bi shingen har ya shige inda ba fita. A ƙauyen Harie ruwan marmaro ne ke ɓuɓɓugowa a cikin gidajen mutane, suna da kwarmi hawa-hawa, na farko na sha, na biyu na wanke ganye, na ƙarshe kuma manyan kifaye ne a ciki, in an jiƙa tukunya su cinye ragowar shinkafar sannan ruwan ya fita tas zuwa maƙwabta. Sai da ɗan rakiya ake shiga don gidajen mutane ne. Abincin da suke alfahari da shi funazushi ne, kifin tafkin da ake cusa wa gishiri sannan a binne shi cikin dafaffiyar shinkafa watanni har ya yi tsami, warinsa na da ƙarfi, ko a cikin Japanawa ba kowa ke iya ci ba.

Mutum sama da miliyan 14 ne ke shan ruwan Biwa har Kiyoto da Osaka, kuma ba haka kawai ya zauna da tsabta ba. A 1977 ruwan ya yi ja yana wari saboda sinadarin fosfaras na omon wanki da ke kwarara ciki, matan gida ne suka tashi suka daina sayen omon suka koma sabulun gari suna bi gida-gida, har majalisar jihar ta yi doka a 1979 ta hana sayar da irin wannan omon, ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 1980, shi yasa 1 ga Yuli ta zama ranar tafkin, ana fita sharar gaɓa. Tun 1983 kuma duk ɗan aji biyar na firamare a jihar sai an kai shi ya kwana a wani jirgin makaranta a kan tafkin yana auna ruwa yana duba ƙwayoyin cikinsa.

Ga mai niyyar zuwa, daga Kiyoto minti 10 ne zuwa Otsu a jirgin ƙasa na yau da kullum, Hikone kuma bai kai awa ɗaya ba, kuma layi ɗaya ne ya bi ta Omihachiman da Azuchi, sai dai jirgi mai sauri ba ya tsayawa a Azuchi, ka sauka a Omihachiman ka canza zuwa mai tsayawa kowace tasha. Farkon Afrilu furen bishiyar ceri da suke kira sakura ya rufe gwalalon Hikone, Nuwamba kuma ganyayen Hiei sun yi ja. In ruwan sama ake yi ka ɗage zuwa Azuchi zuwa wata rana, matakalar na da santsi kuma wani lokacin ma rufe wurin suke yi.